Amsa ga mai tambaya kan ƙullutun da ya fito a kunnen 'yarta

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce 'yarki ta ƙara huda kunne, bayan 'yan watanni wani ƙullutu mai tauri ya fito ta baya, yana ƙaiƙayi yana girma, har wasu sun ce a ɗaure shi da zare ko a kai wa wanzami ya yanke. Don girman Allah kada ki yarda da ko ɗaya.

Yadda kika kwatanta shi, ya yi kama da kiloid. Idan fata ta ji rauni, jiki yakan samar da wani sinadari, kolajin, ya ɗinke wurin. A jikin wasu ɗinkin ba ya tsayawa ko bayan an warke, sai tabon ya yi ta tsiro har ya wuce iyakar raunin. Ya fi kama masu baƙar fata, musamman tsakanin shekara 10 zuwa 30, kuma yana bin jini. Ba sammu ba ne, ba ciwon daji ba ne, ba a kuma ɗauka. Huda kunne, tsaga, ƙaho, ƙuna, kurajen fuska, har wurin tiyata, duk suna iya tayar da shi.

Shi ya sa nake tsoron yankan nan. Yanka sabon rauni ne, kuma idan shi kaɗai aka yi, galibi abin yakan dawo, wani lokacin ya fi na da girma.

Ƙanwata ta yi fama da shi a kunne da ƙirji. Lokacin zafin bazara ba ta iya barci don ƙaiƙayi, ko mayafi ya goge wurin sai ta zabura. Mun kai ta asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya, aka fara yi mata allurar wani magani mai suna triamcinolone a cikin tabon, kusan duk bayan wata guda. Gaskiya akwai zafi. Tabon yana da tauri sosai, sai likita ya danna sirinji da ƙarfi, kina kallo wurin yana yin fari-fari, ita kuwa ta damƙe hannuna tana salati. Amma ƙaiƙayin ne ya fara tafiya, daga baya tabon ya yi laushi ya kwanta. Fatar gefen ta ɗan yi haske, dama an gaya mana hakan na faruwa.

Na kunnen sai da aka cire shi da tiyata, aka bi da allura da ɗan kunne mai matse wurin. Akwai kuma faifan silikon da ake mannawa na tsawon watanni, wasu ƙullutan masu taurin kai har gasa su ake yi da hasken na'ura, wato radiotherapy, bayan tiyata. Inda na ga mutane suna faɗuwa shi ne daina zuwa da zarar sun ga sauƙi.

Kada a sake yi wa 'yarki huda ko'ina, ki kula da ƙannenta su ma, kuma duk ranar da za a yi mata wani aiki, ko na haihuwa ne, ta sanar da likita tun kafin a sa wuƙa. Ki kai ta tun yana ƙarami, ya fi jin allura. Allah ya ba ta lafiya.