Taimar da ta dace da kwamfaresan firiza

Malam, ka ce kwamfaresan firizar ƙanƙararka ya ƙone sau biyu saboda ana ɗauke wuta a dawo da ita nan take, kuma kana tambayar wace taima za ka saka, mai jinkirin kunnawa ko mai jinkirin kashewa. Mai jinkirin kunnawa za ka saya, wadda ake rubuta ON DELAY a jikinta.

Da kwamfaresa ya tsaya, gas ɗin da ke ɓangaren fita yana nan da matsi mai yawa, sai ya samu mintuna kafin ya daidaita da ɓangaren shiga. In wuta ta dawo bayan daƙiƙa goma, motar lantarkin da ke cikin kwamfaresan za ta yi ƙoƙarin tashi a kan wannan matsin, ta kasa juyawa, ta tsaya tana gurnani tana jan wuta kusan ninki biyar na abin da take ci a aiki. Zafin da hakan ke jawowa ne ke cin wayar ciki a hankali. Saita taimar tsakanin minti 3 zuwa 5.

Aikinta mai sauƙi ne. Wuta na shiga A1 da A2, wato ƙafafun da taimar ke karɓar wuta, sai ta fara ƙirga, lokaci na cika ƙafa ta 15 ta rabu da 16 ta haɗu da 18. Wuta na yankewa ta koma sifili. In mai ƙafa takwas ce da ake cusawa a soket, kamar Omron H3CR-A8, wuta na shiga 2 da 7, haɗin da kake so kuma 8 da 6 ne. A kula da taima mai lamba AH3-3 da ta cika kasuwa: haɗi ɗaya ne kawai a cikinta yake jira, ɗayan, wato 1 da 3, yana rufewa nan take. Da yawa a nan suke kuskure, su ce taimar ba ta aiki.

Mai jinkirin kashewa ba ta da amfani a wurinka. Ita tana kunnawa nan da nan, sai an janye umarni take ƙirgawa ta kashe, kamar a bar fanka ta ci gaba da sanyaya inji bayan an tsayar da shi. Yawancinsu ma suna buƙatar wuta ta dindindin a A1 da A2 kafin su iya ƙirga, umarnin kuma ta wata ƙafa daban yake shiga.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne kada ka bi da wutar kwamfaresa ta cikin taima. Amp 5 ɗin da ke jikinta na kaya irin hita ne, ba na mota ba. Jan wutar tashi zai manne bakin haɗin, daga nan wuta na zuwa kwamfaresa zai tashi kamar babu taima. Taima ta kunna koyil ɗin kontakta, wato babban makunni da ke rufewa in an ba koyil ɗinsa wuta, kontakta ta ɗauki nauyi. Layin wuta ya bi ta fis ƙarami zuwa A1 da 15, daga 18 zuwa A1 na kontakta, nutural kuma ya je A2 na dukansu biyu. Kontaktar a zaɓe ta da lambar AC-3, wato amp ɗin da take iya ɗauka na mota, ta ɗara abin da ke rubuce a farantin kwamfaresan. In ka ɗauko wutar taimar daga bayan tamostat, wato makunnin da ke kunnawa da kashewa gwargwadon sanyi, duk tashin da kwamfaresa zai yi sai ya jira, kuma hakan ya fi.

Duba bolt ɗin koyil kafin ka biya kuɗi. Akwai na 24, na 110, na 220 zuwa 240, kamanninsu ɗaya. Duba kuma ɗan makunnin ma'auni, domin 3 a kan S daƙiƙa uku ce, ba minti uku ba. Gwada da agogon waya kafin ka jona kwamfaresa.

Taima dai lokaci kawai ta sani. In rabin wuta aka kawo, bolt 160 ko 170, za ta ƙirga ta kunna, kontakta ta riƙa karkarwa, motar ta sake wahala. In unguwarku ana yawan haka, sa na'urar lura da ƙarfin wuta a gabanta, ka saita ƙasa a wajen 190, sama a 250. Yawancinsu suna da jinkirin kunnawa a ciki, in na wadda ka saya ya kai minti 3 ba sai ka sayi taima daban ba.