Me ya sa ba a fara da rogon manomi kai tsaye ba?

Ƙanena, tambayar da ka yi jiya ta tsaya min a rai, ka ce tunda manomanmu irin rogon nan TME 419 suke so, me ya sa a lab, wajen aikin saka wa rogo sabuwar ƙwayar halitta, ake ta fama da irin da ake kira 60444 wanda ba mai shuka shi. To ka saurara da kyau.

Rogo ba kamar masara ba ne. Da itace ake dasa shi, kuma in ka yi barbarar iri biyu ka shuka ƙwayar da ta fito, kowane ɗa da halinsa daban, wani garinsa ba auki, wani ga ɗaci, wani sai ya daɗe bai yi saiwa ba. Ga shi wasu irin ma da ƙyar suke fure. Shi ya sa ake son a ɗauki irin da manomi ya riga ya yarda da shi, a ƙara masa hali guda ɗaya kawai a bar masa sauran yadda suke.

Saka ƙwayar halittar ba shi ne wahalar ba, bakteriyar nan Agrobacterium ita ke shigar da ita. Wahalar ita ce ka samu ɗan ƙullun nan mai launin ruwan madara mai marmashewa da muke renowa daga ƙananan ganye a cikin faranti, sannan ka lallaɓa shi ya koma cikakken tsiro mai jijiya. 60444 yana ba da shi ba gardama, shi ya sa ake koyon hannu da shi, amma na manoma da yawa sai ka yi wata da watanni kana canza musu abinci, ƙullun ya yi baƙi ya mutu a hannunka.

Ko ya tsiro ɗin ma kar ka yi saurin murna. A aikin VIRCA, wanda cibiyar Danforth ta Amurka ta yi da masu bincike na Yuganda da Kenya, an ɗauki wani irin rogo, TME 204, aka sa masa kariya daga cutar da ke ruɓar da saiwa ta yi ruwan ƙasa, kariyar ta yi aiki sosai, amma da aka kai gona sai ga wata cutar daban, mozayik, ta murɗe ganyen, alhali asalin TME 204 yana jure mata. Da aka bincika, ba ƙwayar da aka saka ba ce ta jawo, bi ta wannan ƙullun ne ya zubar da juriyar, an wallafa haka a 2016. Dole aka koma barbara da irin da ke jure mozayik. A 2021 Kenya ta amince rogon da aka sa wa kariyar, wanda ake kira 4046, ya shiga gwajin ƙasa.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, don TME 419 ma irin waccan juriyar gare shi, kuma mozayik tana nan ko'ina farin ƙuda na yaɗa ta, ita kuwa mai ruɓar da saiwar har yanzu a gabashi da tsakiyar Afirka take. Wallahi ba na son ranar da za mu miƙa wa manomi itacen da ya fi nasa rauni.

Kuma ka daina cewa rogo mai ruwan ɗorawa na bitamin A da aka fitar a 2011 irin wannan aikin ne, barbara ce zalla ta cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan da cibiyar binciken rogo da doya ta Umudike.

Gobe ka zo da wuri, akwai farantan da za mu canza wa abinci, ka fara ware waɗanda suka yi baƙi kafin in iso.