Kyamarar hudar allura mai siffar gidan wasan opera: yaya zan haɗa ta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar zane ce. Na ga hotunan ƙananan gidajen wasan kwaikwayo na takarda irin na Turai, masu labule da 'yan mutanen kwali, sai na yi sha'awar haɗa kyamara marar gilashi, mai hudar allura, a wannan siffa. Shin adon ba zai ɓata hoton ba? Kuma wane awo zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Adon ba zai ɓata komai ba. Shawarata ma ita ce kada ki bar shi ya tsaya a ado: kowane ɓangare na gidan wasan ki ba shi aikin yi a cikin hoton.

Abubuwan biyu 'yan uwan juna ne. Gidan wasan takarda ya yi tashe a Landan tun wajen 1811, lokacin da William West ke buga hotunan 'yan wasa ana sayarwa. Yara su yanke, su manna a kwali, su riƙa tura su cikin ɗan dandamali. Marar launi peni ɗaya, mai launi peni biyu. A Jamus da Denmark ma an buga irinsu, har da wasannin opera, wato wasan da ake rera dukan zancensa da waƙa. Akwati ne da ake leƙawa ta gaba a ga duniya a ciki. Ita kuwa kyamararki akwati ce da duniya ke leƙowa ta huda. Ibn al-Haisam, haifaffen Basra da ya yi aiki a Alƙahira, ya bayyana dalilin tun wajen shekaru 1000 da suka wuce: haske miƙe yake tafiya, don haka abin da ke sama a waje yakan faɗo ƙasa a cikin ɗaki mai duhu. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ga awon. Ki sami kwali mai kauri ko falankin katako, ki yi akwati mai zurfin santimita 10 daga huda zuwa bangon baya, faɗinsa ya ɗauki takardar hoto, wato takarda mai kama haske da ake wankewa hoto ya fito, mai santimita 10 da 13. A wannan zurfin, hudar da ta dace tana tsakanin milimita 0.4 da 0.45. In ta fi haka girma, hoton ya yi dishi-dishi. In ta yi ƙanƙanta ainun, hasken ya watse a bakinta, nan ma dishi-dishin ne. Ki yanko ɗan ƙarfe daga gwangwanin lemo, ki ɗora shi kan kwali, ki murza tsinin allura a hankali har ya ɗan turo ta baya. Kada ki bari allurar ta ratsa. Ki goge tudun da samfefa mai laushi har ƙofar ta buɗe da kanta, sannan ki ɗaga wa haske ki duba: zagayayyiya ake so, ba ɓurɓushi a bakinta. Wannan ƙarfen za ki manna kan 'yar ƙofa a gaban akwatin, shi ne hudar kyamarar. Cikin akwatin kuwa baƙi ƙirin, da fentin da ba ya ƙyalli. Ruwan zinare da ja da zanen ginshiƙai duk na waje ne.

Yanzu wurin da ya fi faranta mini rai. Huda ba ta da saiti irin na gilashi, na kusa da na nesa duk tana ɗauko su kusan daidai. Saboda haka ki maƙala wa akwatin dandamali a gaba, tsawon santimita 20 zuwa 30, ki yi masa tsaga-tsaga a gefe biyu inda za ki riƙa zura bishiyoyi da ginshiƙan kwali, na gaba manya, na baya ƙanana, kamar yadda ake jera su a tsohon gidan wasan Drottningholm na Sweden da aka gina a 1766, wanda har yau injinansa na katako ke aiki. Ki bar bayan dandamalin a buɗe. 'Yar tsanar takarda mai tsawon yatsa za ta fito tsaye, ga titi na gaske ko bishiya ta gaske a bayanta, sai ki rantse tsayinsu ɗaya. Sai dai kada ki matso da ita ƙasa da santimita 10 daga hudar, domin gefunanta za su fara narkewa.

Bakin dandamalin nan mai baka da labule a tattare, ki yanko shi daga baƙar takarda ki manna a ciki, dab da takardar hoton. Inuwarsa za ta zama firam ɗin kowane hoto. A kife za ki manna shi, bakan yana ƙasa, tunda hoton kansa a kife yake shigowa. Nan ne masu farawa suka fi yin kuskure.

Labulen ya zama marufin huda, amma kada ki amince wa karammiski shi kaɗai, haske na silalewa ta gefe. Ki liƙa masa baƙin kwali mai zamewa a baya, yadda in kin ja zare labule ya buɗe, kwalin ya tafi tare da shi.

Takardar hoto ba ta da saurin kama haske. A rana tsaka ki fara da sakan 30, in da gajimare ki ba ta minti 2 zuwa 4. Wannan jinkirin ma kayan wasa ne: ki bar 'yar tsana rabin lokacin, ki zare ta a hankali, za ta fito shara-shara ana hango ginshiƙi ta cikin jikinta. Ki danne akwatin da dutse kada iska ta motsa shi.

Sa takarda da cire ta sai a ɗaki mai duhu, da jar fitila kaɗai. Bayan wanki, fari zai fito baƙi, baƙi ya fito fari. Ki ɗauki hoton takardar da waya, ki juya launin, ki kuma juya hagu da dama. Kafin hoton farko, ki sa takarda, ki ajiye akwatin a rana minti 2 labule a rufe, ki wanke. In ta fito fara fat, akwatinki ba ya yoyon haske. In kin ga baƙin zane a gefe, ki bi kusurwar nan da baƙin salatif.