Hukuncin hawa igiyar teku da kwalekwalen kayak a lokacin hutun iyali

Tambaya

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni mutumin Kano ne amma aiki ya zaunar da ni a Legas shekara tara ke nan. Duk hutun ƙarshen shekara nakan kwashi iyali mu je bakin teku mu yini. Bara muka tarar da masu ba da hayar wani ɗan kwalekwalen roba mai cin mutum ɗaya, kayak suke ce masa. Mutum zai tuƙa shi ya shiga ciki, ya juyo ya jira igiya, in ta taso sai ta kwaso shi a guje har gaɓa. Babban ɗana mai shekara 16 ya hau sau biyu, ya kife sau ɗaya, ya taso yana dariya. Yanzu ƙanwarsa mai 13 da autanmu mai 8 sun sa ni gaba, wai bana su ma sai sun hau. Mahaifiyarsu ta ce haramun ne, ta ji a wa'azi cewa wanda ya hau teku yana tumbatsa ya mutu, shi ya jawo wa kansa. Wani abokina kuma ya ce in ƙyale su, ai ko an nutse shahada ce. Malam, wanne zan ɗauka?

Amsa

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, wasan nan a asalinsa halal ne. Amma maganar uwargidanka tana da tushe, ba a gefen hanya ta tsinto ta ba. Ta abokinka ce za ka ajiye. Kuma yaran nan uku ba hukunci ɗaya ne ya hau kansu ba.

Abin da ba ibada ba, asalinsa halacci ne har sai dalili ya hana. A Suratun Nahli aya ta 14 da Suratul Jasiya aya ta 12 Allah ya yi mana gori da cewa shi ya hore mana teku, jirage suna keta shi. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya farka daga barci a gidan Ummu Haram bintu Milhan yana murmushi, ya ce an nuna masa wasu daga al'ummarsa suna hawa tsakiyar teku kamar sarakuna a kan gadajen mulki. Ta roƙi a sa ta cikinsu, kuma ta tafi yaƙin tsibirin Ƙubrus a zamanin Sayyidina Usman. Game da wasan ruwa kuwa, Nasa'i da Ɗabarani sun kawo hadisin da ya ware koyon iyo daga cikin wasannin banza, Imamu Ahmad kuma ya ruwaito wasiƙar Sayyidina Umar zuwa ga Abu Ubaida cewa a koya wa yara iyo. Hadisin da ake yawan jawowa, wai ba mai hawa teku sai mai hajji ko umara ko yaƙi, malaman hadisi sun raunana shi.

Abin da uwargida ta ji yana cikin Musnad na Imamu Ahmad da Al-Adabul Mufrad na Bukhari: wanda ya kwana a kan soron da ba shi da katanga ya faɗo ya mutu, alƙawarin kariya ya saraya daga kansa, haka wanda ya hau teku lokacin da yake tumbatsa ya mutu. Ibnu Abdil Barr, babban malamin Malikiyya na Andalus, ya ce ba saɓani kan hana hawa teku a irin wannan hali. A nan ne tambayarka take da ƙashi, domin mai wannan wasa ba guje wa igiya yake yi ba, ita ya fito nema.

Sai a dubi abin da aka haɗa a hadisin. Soro ba haramun ba ne, kwana a kansa lokacin zafi ma ba haramun ba ne, mutanenmu sun daɗe suna yi. Abin da aka zarga shi ne kwana inda ba abin da zai tare ka. Haka tekun yake. Tumbatsar da ake nufi ita ce halin da halaka ta fi kuɓuta rinjaye a zaton masu sanin ruwa, ba kowace igiya mai fashewa a gaɓa ba. In da kowace igiya ce, da masuntan da ke tura kwalekwalensu ta cikinta kowace asuba daga Badagiri har Akara sun kwana cikin saɓo. Ma'aunin malamai shi ne galabar zaton kuɓuta. Idan ta samu, ya halatta. Idan aka rasa ta, an shiga ƙarƙashin faɗin Allah a Baƙara aya ta 195 cewa kada ku jefa kanku cikin halaka.

Wannan zato kuwa ba a zaune a falo ake yanke shi ba. Yana canjawa da mutum, da wuri, har da sa'a. Tarkwa Bay, da ake zuwa ta jirgin ruwa, katangar duwatsun mashigar tashar Legas ta rage masa ƙarfi, ba ɗaya yake da buɗaɗɗen bakin teku da ke fuskantar Atlantika kai tsaye ba. Wurin da ya yi laushi da hantsi yana iya haukacewa bayan azahar. Kuma mu 'yan Arewa muna da wani ruɗi: yaro ya iya tsallake kududdufin unguwa ko ya yi iyo a dam, sai a ce ya iya ruwa. Ko Sarkawan Argungu, da suke nuna bajinta ranar kabanci, wato wasannin ruwa na bikin kamun kifi, kogi suka sani. Teku yana da wata hanya da ruwan da igiya ta kawo yake komawa ciki da ƙarfi. Za ka ga wani ɗan tsagi tsakanin igiyoyi ya lafa, launinsa ya yi duhu, kumfa da tarkace suna tafiya ciki maimakon su fito. Nan baƙo yake zaɓa don ya ga ya fi kwanciya, nan kuma ruwa yake jan mutum. Wanda ya faɗa ciki ba ya kokawa da shi ya nufi gaɓa, sai ya yi iyo ta gefe, a tsawon gaɓar, har ya fita daga tsagin. Duk yaron da bai san wannan ba bai kai hawa igiya ba tukuna.

Saboda haka babban ɗanka ya halatta ya hau idan ya iya iyo na gaske, ya sa rigar da ke hana nutsewa a ɗaure tsam ba a rataye ba, da hular kwano in akwai duwatsu, akwai masu ceto a wurin, kuma ba su kafa jar tuta ba. In sun kafa ta ko sun busa usur a fito, fitowa ta zama wajibi ko da kuɗin haya bai ƙare ba. Ya zaɓi irin wanda ake zama a kansa a buɗe, wanda in ya kife mutum yake zamewa ya rabu da shi. Irin da ake zura ƙafafu ciki a rufe ƙugu na waɗanda suka koyi juyo da shi ne a ƙarƙashin ruwa. Sanya waɗannan kaya ba raunin tawakkali ba ne, ka san amsar da Annabi (SAW) ya ba mai raƙuma: ɗaure ta, sannan ka dogara.

Akwai kuma haƙƙin mutane, wanda masu wasan suka fi mantawa. Kwalekwalen nan yakan kai kilo 20 ko fiye, in igiya ta juya shi a karkace ba mai iya tsayar da shi. Yaron wani da ke tsaye ruwa iya gwiwa shi zai sha dukan. Wanda ya kutsa cikin masu wanka ya ji wa wani ciwo, biyan ɓarna yana kansa, in rai ya salwanta kuma ana maganar diyya da kaffarar kisan kuskure ne. Ya nemi inda ba kowa a gabansa.

Autanku mai shekara 8 kada ya hau igiya. Ƙarfinsa bai kai ba, kuma yaro ba ya da ikon yarda da haɗari a kan kansa, kai ne makiyayin da za a tambaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum dubu 300 ne suka mutu ta nutsewa a 2021, yara kuma suna da kaso mai yawa a ciki. In ka samu ruwa kwantacce da kwalekwale mai cin biyu, ka zauna a bayansa da rigar kariya daidai jikinsa, wannan ya wadatar da shi.

Yarinyar kuwa, sharuɗɗan wanta suna kanta, da ƙarin sutura. Imamu Malik ya karhanta wa mata hawa teku, kuma almajiransa sun bayyana dalili: ƙananan jiragen da mace ba ta iya suturta kanta daga maza. Illar ke nan, ba macen ba ce kuma ba ruwan ba ne. A kayak ita kaɗai ce, ba cakuɗa, amma za ta fito a jiƙe gaban jama'a. Kada kuma a ce za a gyara da dogon hijabi ko abaya, domin a cikin ruwa nauyi suke yi su naɗe ƙafa da wuya, an gudu daga wani laifi an faɗa wanda ya fi shi. Dogon wando da riga mai kauri har gwiwa waɗanda ba sa manne wa jiki, da ɗan hijabi mai kama kai, rigar kariya a sama. Ku je da sassafe kafin wuri ya cika, kai ko wanta ku riƙe mata kwalekwalen, ba ƙaton mai ba da haya ba. In hakan bai samu ba, ta haƙura. Shi ma saurayin wandonsa ya rufe cibiya zuwa gwiwa, ku kuma nisanci ɓangaren mashaya da masu tsiraici. Sallar la'asar ce aka fi yin asara a bakin teku, alhali ba uzuri: a Muwaɗɗa, da aka tambayi Annabi (SAW) game da ruwan teku ya ce ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne.

Maganar abokinka: gaskiya ne hadisin Bukhari da Muslim ya lissafa wanda ya nutse cikin shahidai biyar. Amma bushara ce ga wanda abin ya afka masa, ba lasisin ganganci ba. An tambayi Ibnu Taimiyya game da ɗan kasuwar da ya nutse a teku, ya ce shahidi ne in bai yi saɓo da hawansa ba, amma wanda ya hau alhali kuɓuta ba ta rinjaya ba ya taimaka wajen kashe kansa, ba a ce masa shahidi. Wannan fa mai neman abinci ke nan, balle mai wasa.

Saura mahaifiyarsu. Ka karanta mata wannan amsa, ka kai ta ta ga masu ceto da rigunan da idonta. In hankalinta ya kwanta, madalla. In har yanzu gabanta faɗuwa yake yi duk lokacin da ɗanta ya nufi igiya, ka gaya masa ya bari. Annabi (SAW) ya mayar da mai neman tafiya jihadi zuwa ga iyayensa, wannan kuwa wasa ne da bai wuce halal ba.

Wallahu a'alam.