Tambaya da Amsa: SRC ke biyan kuɗin buga jaridarmu, yanzu sun ce mu yi shiru

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce a wata jami'a nan Kumasi, gidanmu Aboabo. Muna da 'yar jaridar ɗalibai da muke fitarwa duk semesta, ni ce edita, kuɗin bugu kuma SRC, wato majalisar wakilan ɗalibai, ke bayarwa. To mun samu labari kan kuɗin da aka karɓa wajen ɗalibai aka ce za a sa fanka da kujeru a ɗakin karatu, har yau ba mu ga komai ba. Wani babba a SRC ya kira ni ya ce in muka buga kar mu ƙara zuwa neman ko sidi ɗaya, wai zai kai mu kotu kuma jaridarmu ma ba ta da lasisi. Mama ta ce in bar abin nan in yi karatuna. Wallahi na rasa yadda zan yi. Daga ƙanwarki a Aboabo.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Maganar lasisi dai ki cire ta daga ranki. Tsarin mulkin Ghana na 1992, sashe na 162, ya ce ba za a yi dokar da za ta tilasta wa mutum neman lasisi kafin ya kafa jarida ba. Akwai rajista da ake yi a National Media Commission, hukumar kafafen yaɗa labarai ta ƙasa, sannan jami'arku na da nata dokokin kan abin da ake rabawa cikin makaranta, don haka ki ɗauko littafin dokokin ɗalibai ki karanta da kanki, kar ki bari wani ya karanta miki. Dokar da ake ɗaure ɗan jarida saboda ɓata suna kuma an soke ta tun 2001 zamanin Kufuor. Amma fa mutum na iya shigar da ƙara ya nemi diyya, kuma sashe na 208 na dokar laifuka kan yaɗa labarin ƙarya yana nan, 'yan sanda na amfani da shi.

Shi ya sa abin da ya fi damuna shi ne labarin naku kansa. Kin ce "mun samu labari". Daga wa? Kuna da takardar kasafin da majalisar ɗalibai ta amince da shi? Kun ga rasit? Kun je ɗakin karatun kun ɗauki hoto da kwanan wata? In abin da ke hannunku saƙon murya ne da ke yawo a WhatsApp to ba ku da labari tukuna. Ku rubuta wa SRC wasiƙa, tambayoyi a fili, nawa aka karɓa, wa aka ba kwangila, yaushe kaya za su iso, ku ba su kwanaki su amsa, ku sa a buga muku hatimi a kwafinku. In ta hannun jami'a ake karɓar kuɗin kuma jami'ar ta gwamnati ce, dokar samun bayanai ta 2019 ta ba ku damar nema a rubuce, jami'in da ke kula da ba da bayanai kuma kwana 14 gare shi ya ba da amsa. Kar ku rubuta "sun ci kuɗi", ba ku ne kotu ba, ku rubuta abin da aka karɓa da abin da aka yi alkawari da abin da idonku ya gani, sannan ku sa amsarsu, in sun ƙi magana ku faɗa cewa sun ƙi. In sun kawo martani bayan an buga dole ku buga musu, wannan ma yana cikin sashe na 162 ɗin.

Sai maganar kuɗi, nan ne ainihin ciwon. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, muddin aljihun SRC kaɗai kuka dogara da shi to duk shekara sai an yi muku wannan barazanar, ko da wannan da ya kira ki ya sauka wani zai hau. A nan Kumasi John Tsiboe da matarsa Nancy suka kafa jaridar Ashanti Pioneer a 1939, da nasu injin bugu, shi ya sa suka iya faɗar abin da suke so shekara da shekaru har sai da gwamnati da kanta ta rufe ta a 1962. Ku ba ku da inji amma kuna da waya. Ku fitar da wannan fitowar a PDF ku tura guruf-guruf na aji, ku buga kwafi kaɗan na liƙawa a allon sanarwa in doka ta yarda. Ku bi masu fotokofi da masu sayar da waakye da telolin bakin geti ku karɓi ƙananan talla, tsofaffin ɗalibai su turo ta MoMo, kuma ku riƙa buga lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita, tunda ku ma lissafi kuke tambayar wasu. Kuɗin 'yan takarar SRC da na TEIN da TESCON, ƙungiyoyin ɗalibai na jam'iyyun NDC da NPP, kuwa kar ku taɓa, ko sun ce kyauta ne.

Mama kuma tana da gaskiyarta, tsoro take ji kar a kore ki bayan wahalar da ta sha kan kuɗin makaranta, kar ki yi mata gardama. Ki zauna ki nuna mata wasiƙar da takardun, ki nemi lakcara ɗaya mai mutunci ya duba labarin kafin ya fita, a sa sunan kwamitin editoci a kansa maimakon naki ke kaɗai. In takardun ba su cika ba ku jinkirta zuwa fitowa ta gaba ku ci gaba da nema. Ki rubuto min yadda kuka yi da wasiƙar.