Kun Tambaya, Mun Amsa: Me Ya Haɗa Hanta da Alade?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina yana fama da ciwon hanta, kuma na ji a rediyo cewa masana suna renon ƙwayoyin hanta daga jikin alade. Shin magani ne da za a ba marasa lafiya? Kuma me ya sa sai alade? Daga wata mai karatu, Jekadafari, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya ba Baba lafiya. Wannan ba magani ba ne da ake sha ko ake yin allurarsa. Aiki ne na ɗakin gwaje-gwaje.

Abin da masanan suka fara da shi ana kiransa ƙwayoyin tushe, wato ƙwayoyin halittar da ba su riga sun zama hanta ko ƙashi ko jini ba, kamar yaron da bai kama sana'a ba tukuna. Neil Talbot da abokan aikinsa na Ma'aikatar Noma ta Amurka, a Beltsville, sun samo irinsu daga ɗan tayin alade mai kwana 8, suka rene su a faranti cikin ruwan abinci mai ɗumin jiki, har suka fara aikin hanta, ciki har da mayar da gubar ammoniya zuwa sinadarin da ke fita ta fitsari. Sunansu PICM-19.

Amfaninsu a fili yake. Ƙwayoyin hantar mutum suna da wuyar samu, kuma da zarar an raba su da jiki, cikin 'yan kwanaki ƙarfin aikinsu yake raguwa, alhali waɗannan suna ci gaba da hayayyafa. Ana ɗiga musu sabon magani a ga ko zai yi ɓarna irin wadda farasitamol ke yi idan an wuce ƙima. Ana kuma fatan zuba su cikin na'urar da za ta tace jinin majinyaci na ɗan lokaci, kamar wankin ƙoda.

An zaɓi alade ne domin hantarsa ta yi kusa da tamu a girma da aiki. A 2024 ma likitocin asibitin Xijing na ƙasar Sin sun haɗa hantar alade da jikin mutumin da ƙwaƙwalwarsa ta riga ta mutu, ta yi aiki kwana 10. Hukuncin shari'a kuwa na malamai ne, ba na wannan shafi ba.

Game da Baba, ki tambayi likitansa nau'in ciwon. Idan nau'in B ne, a gwada jinin kowa a gidan, a yi wa wanda bai kamu ba rigakafi, a kuma raba Baba da jiƙe-jiƙen da ba a san haɗinsu ba.