An Tura Ni Makarantar Ƙauye

Tambaya: Anti, na gama NCE aka tura ni firamare can cikin ƙauye, ba wuta ba sabis, yara sun fi ƙarfina, wallahi kamar in gudu. Ya zan yi?

Amsa: Ƙanena kar ka gudu tukuna. Fara gaida mai gari da liman, su za su sama maka ɗaki, wataƙila har tuwon dare. Ka nemi 'yan SBMC, wato kwamitin mutanen gari mai kula da makaranta, su ke lallashin iyaye in damina ta kwashe yara gona. Tsarin darasinka kuma hedimasta ya riƙa duba maka, ba abin kunya ba ne. Yaran ka raba su rukuni-rukuni, mai ƙoƙari ya ja sauran, ko ƙirga da tsakuwa ne. Cajin waya kam sai ranar kasuwa.